Yadda injin bincike ke gane wane Kano kake nufi

Ɗauki wayarka ka rubuta "Kano" a Google. Kai dai birni kake nufi, amma akwai Kano Jigoro, ɗan Japan ɗin da ya ƙirƙiri wasan judo a 1882, akwai mawaƙin gambara ɗan Ingila da ake kira Kano, ga kuma wani Kano a wasan Mortal Kombat. Ta yaya na'ura za ta zaɓi ɗaya?

A Mayun 2012 Google ya ƙaddamar da Knowledge Graph, wata taswirar alaƙa da ta fara da abubuwa sama da miliyan 500 da bayanai sama da biliyan 3.5. Ka ɗauke ta kamar ragar kamun kifi. Kowane ƙulli abu ne guda: mutum, gari ko fim. Kowane zare kuma dangantaka ce: Dutsen Dala yana cikin Kano, Ali Nuhu jarumi ne a Kannywood. Daga nan akwatin bayanin da kake gani a saman sakamako yake fitowa.

Matsalar ita ce ba kowane zare ne tabbatacce ba. Babu ma'aikatan da za su iya tantance biliyoyin bayanai ɗaya bayan ɗaya. Nan lissafin yiwuwa ke shigowa: a ba kowane zare maki tsakanin 0 da 1, gwargwadon ƙarfin hujjar da ke bayansa.

Tushen dabarar tsoho ne. An buga ƙa'idar Thomas Bayes a 1763, wadda ke nuna yadda ake gyara zato idan sabuwar hujja ta zo. A shekarun 1980 Judea Pearl na jami'ar UCLA a Amurka ya haɗa ta da zanen raga, inda kowane ƙulli ke aika wa maƙwabtansa saƙo, su kuma su gyara makinsu. Wannan aikin na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Turing ta 2011.

Mu koma kan misalinmu. Idan wayarka tana Najeriya, zaton birni ya fara da rinjaye. Ka ƙara "Dala", makinsa ya ƙara hawa, domin zare ya haɗa su. Ka goge ka sa "judo", makin birni ya faɗi, na ɗan Japan ya tashi.

Da irin wannan lissafin ake hasashen alaƙar da ba a rubuta ko'ina ba. Idan raga ta nuna mutum biyu iyayen yaro ɗaya ne, akwai yiwuwar ma'aurata ne, ko da yake ta yiwu sun rabu. A 2014 masu bincike na Google sun bayyana wani gwaji mai suna Knowledge Vault, wanda ya tattaro bayanai biliyan 1.6 daga shafukan intanet. Miliyan 271 kacal ne suka kai makin 0.9. Ka ga ko su ba su ce duk abin da suka tara gaskiya ne ba.

Abin da ya fi shafar mu shi ne, maki yana bin yawan hujja. Idan shafi ɗaya ya yi kuskuren shekarar haihuwar wata jaruma, wasu goma suka kwafa, na'ura na iya ɗauka shaidu goma sha ɗaya ta samu, alhali bakin mutum ɗaya ne. Kuma rubutun Hausa a intanet bai kai na Turanci ba, ga sunaye irin su Muhammad Sani da mutane da yawa ke amsawa. Hoton wani kan iya hawa kan tarihin wani.

Don haka kafin ka ɗauki hoton allo ka tura a WhatsApp, latsa ka ga shafin da bayanin ya fito. In ka ga kuskure, akwatin yana da wurin kai ƙorafi. In kuma kana da ingantacciyar madogara, shiga Wikipedia ta Hausa ko Wikidata ka gyara, domin daga irin waɗannan rumbuna injinan bincike ke ɗibar bayanai.