Montmartre: Unguwar da Ake Biyan Kuɗi Don Jin Labarin Talaucinta

Kullum da hantsi, a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Abbesses da ke arewacin birnin Paris, za a tarar da mutane cirko-cirko, kowane gungu ya kewaye mutum ɗaya da ya ɗaga laima ko 'yar tuta. Wasu tun ba a fara tafiyar ba suke haki, don zurfin tashar ya kai mita 36, kuma duk wanda ya raina jiran lif ya ce shi matakala zai bi, ya ɗebo ruwan dafa kansa. Mai laimar nan shi ne ɗan jagora. Aikinsa ya ja baƙi a ƙasa na awa biyu ko fiye, hawa da gangara, lungu-lungu cikin unguwar Montmartre, yana nuna musu ƙofofin gidaje yana faɗin waɗanda suka taɓa kwana a ciki.

Montmartre tudu ne da ya kai mita 130, wanda ya hau kansa zai ga Paris shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar yadda ake hango Kano daga kan Dala. Har zuwa shekarar 1860 ƙauye ne mai zaman kansa a wajen birni. Mutanensa suna noman inabi, suna niƙa hatsi da injinan da iska ke juyawa, suna kuma haƙar farar ƙasa ta shafen gini, har sai da suka rarake cikin tudun. Da yake ƙauyen yana bayan katangar da ake karɓar harajin kayan da ke shiga Paris, abin sha a can ya fi araha, sai gidajen rawa da mashaya suka yi ta tsirowa a gindin tudun. Da aka shiga rusau a tsakiyar birni zamanin Haussmann, jami'in da ya sake fasalin Paris daga 1853 zuwa 1870, talakawa da yawa suka tattara komatsansu suka hauro. Masu zane sun biyo sahu ne saboda dalili ɗaya da na mai wanki da ɗan dako, wato kuɗin haya.

Ɗan jagoran da ya san aikinsa yakan fara da wannan bayani, domin in babu shi sauran tafiyar duk kallon bango ce.

Zangon farko mai muhimmanci yana wani ɗan fili mai bishiyoyi da ake kira Émile-Goudeau. A nan gidan Bateau-Lavoir yake, wani tsohon ginin katako da aka yayyanka ɗaki-ɗaki, wanda marubucin waƙoƙi Max Jacob ya laƙaba wa sunan kwale-kwalen da mata ke wanki a cikinsu a kogin Seine. Famfo ɗaya ne a gidan kaf. Da sanyi ɗakunan su zama ƙanƙara, da zafi su zama tanderu. A 1904 wani saurayi ɗan Sifaniya mai shekara 22, Pablo Picasso, ya kama ɗaki a ciki, kuma a wannan ɗaki ne ya zana Les Demoiselles d'Avignon a 1907, hoton da ya juya akalar zanen Turai, wanda yanzu yake wani gidan ajiye zane a New York. A shekarar ce Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro ya ga sassaƙe-sassaƙen fuska da Turawan mulkin mallaka suka kwaso daga Afirka da tsibiran teku. Masana da dama suna ganin sawunsu a fuskokin matan da ke gefen dama na hoton, ko da yake shi gogan ya taɓa musanta haka daga baya. Masu zane Juan Gris da Kees van Dongen da Modigliani duk sun ratsa ta gidan.

Sai dai baƙon da aka tsayar a ƙofar ba wannan gida yake kallo ba. Gobara ta cinye shi a 1970, aka sake ginawa da kankare a 1978. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne wata tagar gilashi da aka jera tsoffin hotuna a ciki. Saura kuwa sai abin da bakin ɗan jagora ya iya ginawa.

Haka abin yake a gida mai lamba 54 a titin Lepic, inda Vincent van Gogh ya raɓa da ƙanensa Theo daga 1886 zuwa 1888. Allo ne kawai manne a bango, ba a shiga, mutane ne ke zaune a ciki suna harkokinsu. A waɗannan shekaru biyu na Paris ne launukansa suka tashi daga duhu-duhun da ya zo da shi daga Holan suka koma masu haske. Can sama kaɗan akwai injinan niƙa biyu da suka tsira, a wurin da Renoir ya zana taron rawar ranar Lahadi na Moulin de la Galette a 1876. Inda ake iya shiga a ga wani abu da ido shi ne gida mai lamba 12 a titin Cortot, wanda ya zama gidan tarihin unguwar tun 1960. An sake shirya ɗakin aikin Suzanne Valadon a ciki, ɗiyar wata mai wanki, wadda ta fara da wasan tsalle-tsalle, ta faɗo ta ji ciwo, ta koma zama a gaban Renoir da Toulouse-Lautrec suna zana ta, tana satar kallon hannunsu har ita ma ta ƙware. A 1894 aka karɓi zanenta a ƙungiyar Société Nationale des Beaux-Arts, abin da mata ba su cika samu ba a lokacin. Ɗanta Maurice Utrillo ya yi suna da zana titunan unguwar.

Labarin da ya fi sa baƙi dariya ana ba da shi ne a gaban wata 'yar mashaya mai suna Lapin Agile, daura da gonar inabin da hukumar birni ta dasa a 1933. A 1910 marubuci Roland Dorgelès, wanda sababbin salon zane suka ishe shi, ya ari Lolo, jakin mai gidan, ya ɗaura masa burushi a wutsiya, ya kafa allon zane a bayansa. Ana ba jakin abin taunawa yana kaɗa wutsiya, ana sauya fenti. Don kada a ƙaryata shi gobe, har da ma'aikacin kotu ya gayyato ya shaida. Aka kai hoton babban baje kolin Salon des Indépendants da sunan wani mai zane Boronali, wanda babu shi a duniya, aka ce faɗuwar rana ce a tekun Adriatique. Mutane suka yi ta tafka muhawara a kai kafin a fasa ƙwai. A wannan mashaya kuma Picasso ya bar wani hoto nasa na 1905 rataye a bango, wanda a 1989 aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 40 da 'yan kai.

A ƙololuwar tudun ne ake gane ɗan jagora na gaske da mai haddar 'yan labarai. Majami'ar Sacré-Cœur, fara fat, ita ce kowa ke ɗauka a hoto. Mai hadda zai ce an aza harsashinta a 1875, an gama a 1914, an keɓe ta a 1919, dutsenta kuma na Château-Landon ne, irin wanda ruwan sama ke ƙara wa fari. Duk gaskiya ne. Zai iya ƙarawa da cewa saboda ramukan farar ƙasa sai da aka haƙa rijiyoyi 83 masu zurfin mita 33 aka cika su da gini don su ɗauki nauyinta. Amma wanda ya yi karatu zai tsayar da mutane ya gaya musu cewa a kan wannan tudu ne, ranar 18 ga Maris 1871, sojojin gwamnati suka zo kwashe igwogin da mutanen Paris suka tara, matan unguwa suka sha gabansu, sojojin suka ƙi harbi, aka kashe janar-janar biyu, tawayen da ake kira Commune ya ɓarke. A makon ƙarshe na watan Mayu gwamnati ta murƙushe shi da jinin dubban mutane. An yi alwashin gina majami'ar tun kafin tawayen, bayan kashin da Faransa ta sha a hannun Furushiya, amma zaɓar wannan wuri ya sa har yau 'yan ra'ayin gurguzu na Faransa ke kallonta a matsayin tutar waɗanda suka yi nasara. Lambun da ke gabanta kuwa, tun 2004 sunan Louise Michel yake ɗauke da shi, malamar makarantar da ta yi yaƙi a ɓangaren 'yan tawaye har aka kore ta zuwa tsibirin New Caledonia.

Taku kaɗan daga nan sai filin Tertre, inda masu zane ke zaune da allunansu suna kiran masu wucewa a zana musu fuska. Ba da ka ake zama ba. Hukumar birni ce ke ba da izini, kowane gurbi murabba'in mita ɗaya ne, mutum biyu ke karɓa-karɓa a kansa, kuma mai nema yakan yi shekaru yana jira. Teburan gidajen abinci sun cinye tsakiyar filin, sun tura masu zanen gefe. Su manyan da ake ba da labarinsu tuni suka bar unguwar, Picasso ma a 1912 ya koma unguwar Montparnasse.

Su kansu 'yan jagoran kala-kala ne. A Faransa, wanda zai yi wa baƙi bayani don kuɗi a cikin gidajen tarihi da manyan gine-ginen da gwamnati ta kare, sai yana da katin sana'a da ake bayarwa bayan karatun jami'a. A kan titi kuwa babu wannan sharaɗi, kuma Montmartre kusan duk titi ce. Ta wannan ƙofa yawon da ake tallatawa a intanet da sunan kyauta ya shigo, salon da Chris Sandeman ya fara a Berlin a 2003. Ba a yanka farashi, in an gama kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, yawanci ɗan jagoran yana biyan kamfani wani abu a kan kowane kai da ya zo, ko ya ba da tukuici ko ya sulale. Mutumin da cin abincinsa ya dogara ga yadda ya faranta ran jama'a, dole jaki mai zane ya fi samun lokaci a bakinsa a kan gawarwakin 1871. Akwai kuma 'yan sa-kai mazauna birni da ake kira Greeters, waɗanda ba sa karɓar ko sisi, sukan ɗauki mutum kaɗan su zaga da su inda su da kansu suke zuwa. Wannan tsari daga New York ya faro a 1992.

Mazauna unguwar dai sun fara kai wa wuya. Mutum kusan miliyan 11 ke ziyartar Sacré-Cœur a shekara, kuma tun bayan fim ɗin Amélie na 2001 wasu ba don Renoir suke zuwa ba, don gidan shayin da aka ɗauki fim ɗin ne a titin Lepic. Mahauta da masu kayan miya suna rufewa, masu sayar da tsaraba da askirim suna buɗewa. A 2025 mazauna suka rataya ƙyallayen koke a barandunansu, suna adawa har da shirin hukumar birni na hana motoci bin wasu tituna, wanda a ganinsu baƙi zai amfana ba su ba. A farkon shekarar ce kuma Paris ta rage yawan kwanakin da mutum zai iya ba baƙi hayar gidan da yake zaune ta shafukan intanet irin su Airbnb, daga 120 zuwa 90 a shekara.

Wanda ya gangara ta gabashin tudun, cikin 'yan mintuna zai faɗa Château Rouge da Goutte d'Or, unguwar da Émile Zola ya kafa labarin littafinsa L'Assommoir na 1877 a cikinta, lokacin tana ta leburori da mata masu wanki. Yau 'yan Afirka ta Yamma da ta Arewa suna da yawa a can. A kasuwar titin Dejean akwai kuɓewa da doya da manja da busasshen kifi, shagunan atamfa da shadda a jere, teloli na ta aiki a titin Myrha. Nan ma an fara kawo baƙi a ƙafa, wani kamfani mai suna Little Africa yana cikin masu shirya irin wannan zagaye. Bambancin shi ne ba allon tunawa a bango ake tsayawa a karanta ba. Ɗan jagora sai ya yi sallama a ƙofar shago, ya nemi izinin mai shi, sannan ya shigo da mutanensa.