ZAƁEN INJIN YANKAN CIYAWA NA HAWA

Daga watan Yuni zuwa Satumba ciyawa kan rufe harabar makarantu da ofisoshi a unguwanni irin su Fadaman Mada a birnin Bauchi, ta zama maɓoyar macizai da sauro. Saboda haka wasu hukumomi kan nemi injin yanka wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta.

Kafin a fitar da kuɗin jama'a, a auna filin. In bai kai eka ɗaya ba, injin turawa ya wadatar, balle yanzu da fetur ya yi tsada tun janye tallafinsa a 2023.

Babban abin dubawa shi ne kayan gyara. Kada kyan fenti ya ruɗi mai saye. A tambayi makanikai ko ana samun wuƙa da bel da fulogi na wannan samfurin a gari, domin injin da sai an aika Legas neman bel ɗinsa, damina kan wuce yana ajiye. In na hannu ne, a tayar da shi da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan baƙin mai.

A tsince duwatsu kafin yanka, kuma kada a ɗora yaro a kansa.