Likita a Waya, Malamin Asibiti a Bakin Gado

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa Dawakin Tofa ya nufi Bichi da Tsanyawa, zai ga ƙasar da daji ya ƙare mata. Gona ta jingina da gona, ƙauye na hango ƙauye. A nan asibitin sha-ka-tafi ba ya nisa, tafiyar ƙafa ce ko ta acaɓa. Likita ne yake nesa. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, amma ƙwararrun likitocinta sun fi taruwa a birni, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Mai karɓar marar lafiya a ƙauye malamin asibiti ne, jami'in lafiya da ke aiki da littafin ƙa'idoji wanda ya shata masa inda zai yi magani da inda zai ce a wuce gaba.

Wannan giɓin ake son cikewa da ganin likita daga nesa. Da an ambaci abin, wasu sukan zaci marar lafiya ne zai zauna a ɗakinsa ya kira likita ta bidiyo. Wannan na 'yan birni ne masu data da Turanci. Wanda ya dace da karkara na mutum uku ne: marar lafiya, malamin asibiti a gefensa, da likita a can ƙarshen waya.

A ɗauka an kawo mai ciki wata takwas da damina, ƙafafu sun kumbura, tana kukan ciwon kai da gani dishi-dishi. Malamar asibiti ta ɗaura mata abin awon jini ta ga 160 bisa 110, ta tsoma tsinken gwaji a fitsari ya nuna alamar haɗari. Sai ta kira likitan da ke kan aiki a babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, ta karanta masa abin da ta gani. Ya tambaya: ɗan cikin yana motsi? Akwai zubar jini? Daga nan ya ce a yi mata allurar magnesium sulphate mai tare jijjiga, a ba ta maganin sauke jini, a taho da ita yanzu. Kafin mota ta iso, an shirya gado, an san wadda ake jira. Wayar ba ta warkar da kowa ba. Ta dai sa an fara magani da wuri, ta kuma ba malamar ƙarfin gwiwar ce wa mai gida tafiyar nan ba ta jiran gobe.

Akasin haka ma riba ce. Dattijo mai hawan jini da ke zuwa birni don a duba kati a sabunta magani, zai iya yin awonsa a mazaɓarsa, likita ya duba lambobin ya gyara ƙwayar. Ga manomi a tsakiyar noman farko, wunin da bai tafi a layin asibiti ba da kuɗin motar mutum biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Hanyoyin aikin uku ne. Ta farko kira kai tsaye, da murya ko bidiyo, don abin gaggawa. Ta biyu a ɗauki hoton ƙurji, ko ido, ko takardar gwaji, a haɗa da bayani a tura, likita ya amsa idan ya samu sarari. Ita ce ta fi jure wa raunin sabis, domin saƙo yakan jira har layi ya dawo. Ta uku zaman karatu ne, inda ƙwararre ɗaya zai haɗu da malaman asibitoci da yawa a waya, su kawo matsalolin da suka gagare su a warware tare. A jihar New Mexico ta Amurka Dakta Sanjeev Arora ya fara irin wannan a 2003 don ciwon hanta. Amfaninta shi ne ilimin yana zama a ƙauye bayan an kashe waya.

Nijeriya ta taɓa gwadawa daga sama. A 2007 aka harba tauraron NigComSat-1, aka ɗora masa shirin haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu asibitocin tarayya. A Nuwamban 2008 tauraron ya mutu saboda matsalar lantarkinsa. Kano kuwa ta gwada daga ƙasa. A shekarun yaƙi da shan inna, ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki da hukumar lafiya matakin farko ta jihar a shirin Kano Connect, aka raba wa ma'aikatan lafiya wayoyi don su kira juna kyauta su kuma tura rahoto. Darasin a fili yake: na'urar da mai gyaran waya na kasuwa zai iya kwancewa ta fi daɗewa a hannun jama'a.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da gaskiyarsa. Likita a waya ba ya taɓa ciki, ba ya ƙarin jini, ba ya fiɗa. Idonsa da hannunsa na aro ne, don haka shawararsa ba za ta fi awon da aka karanta masa inganci ba. Idan abin awon jini ya lalace, ko tsinken gwajin maleriya ya ƙare, sai ya koma canki-canka. Haka nan idan ya rubuta magani babu shi a ma'aji, marar lafiya kemis zai koma.

Sai abin da ba a cika faɗa ba a ranar bikin buɗewa: wa zai riƙa sayen data, wa zai canja batirin sola, wa zai biya likitan? Likitan da layi ke jiransa a ƙofa ba zai ɗauki waya don alfarma ba har abada. Dole a sa kiran cikin jadawalin aikinsa, a rubuta shawararsa a katin marar lafiya don a san mai alhaki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Irin wannan asusu mai ɗorewa ne ya kamata ya ɗauki nauyin, domin tallafin baƙi yana da ranar ƙarewa.

Akwai kuma sirri. A garin da kowa ya san kowa, hoton jikin mace a wayar da ake kaiwa shagon caji babban haɗari ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. A aikace, a nemi yardarta, waya ta zama ta asibiti mai makulli, kuma mace ce za ta ɗauki hoton mace. In aka ji labarin hoto ɗaya ya fita, har awo sai matan garin su ƙaurace masa.

Don haka idan aka ce za a kawo wa mazaɓarku wannan tsari, dagaci da kwamitin asibiti su bar kallon girman allon. Su tambayi malamar da ke kwana a wurin: idan kika kira ƙarfe biyun dare, wa zai ɗauka?