Wayar Hannu a Teburin Wasan Labari

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne da ake yi a zaune. Jagora yana ba da labari, kowane ɗan wasa ya ɗauki matsayin mutum guda a cikinsa, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo domin a san ko abin da ya nufa ya yiwu. Daga baya aka ƙirƙiro waɗanda labarinsu ke faruwa a zamaninmu, kamar d20 Modern na 2002.

A irin waɗannan ne wayar hannu take da rana. Taswirar Google Maps ta zama fagen wasa, saƙon waya ya kai wa mutum ɗaya sirri, agogonta kuma ya ƙayyade lokacin shawara.

Malamin kimiyyar halittu zai ci moriyar wannan. A 1854 likita John Snow ya yi wa gidajen da kwalara ta yi kisa alama a taswirar unguwar Soho ta Landan, ya ga sun kewaye famfon titin Broad. To, ɗalibai su zama jami'an lafiya. Malam ya zaɓi rijiya ɗaya a ɓoye, ya riƙa aiko rahoton masu kamuwa kowane minti biyar, su kuma su sa alama har su gano gurɓataccen ruwan kafin lokaci ya ƙure.

Sai dai a kiyaye: a yi amfani da taswirar garin da ba nasu ba, kada a jingina cuta ga gidan maƙwabci. Waya ɗaya ta wadatar da kowane rukuni.