Dodon Ƙarƙashin Teku Ya Shiga Hoto

Mutumin Jalingo da ya saba da kogin Lamurde, wanda da rani yara kan ƙetare shi da ƙafa, in ya sauka Ikko ya ga teku, lalle zai yi shiru. To, abin da ido ke gani nan fatar ruwa ce kawai. Da an nutse mita 200 hasken rana ya soma dushewa, in an kai mita 1,000 kuwa sai duhu baƙi ƙirin. A cikin wannan duhu wata halitta take zaune wadda Turawa ke kira sikwid, mai hannuwa takwas da waɗansu dogaye biyu na cafke abinci. Babbar cikinsu takan kai mita 12, idonta kuwa ya kusa girman faranti.

Tun zamanin da matuƙan jiragen ruwa suke ba da labarinta, ana cewa tatsuniya ce. A 1857 wani masani na ƙasar Danmak, Japetus Steenstrup, ya raɗa mata suna Architeuthis. Amma shekara fiye da 140 bayan haka ba a sami hotonta da rai a mazauninta ba, sai gawa a bakin gaɓa, ko guntaye a cikin tumbin kifin wel.

Ran 30 ga Satumba 2004 aka yi dace. Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori, mutanen Japan, suka saukar da kyamara da fatsa zurfin mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara. Dabbar ta kawo bara, ƙugiya ta kama ta, ta yi ta fama fiye da awa huɗu, kyamara na ɗauka har hoto sama da 500. Daga ƙarshe ta tsinke ta gudu, ta bar musu hannu mai tsawon mita biyar da rabi.

Hoto mai motsi a mazauninta kuwa sai a 2012. Wata masaniya Ba'amurkiya, Edith Widder, ta lura cewa ƙarar inji da farar fitilar jiragen nutso su ne ke korar dabbar, abin da kowane masunci na Ibi, inda ake bikin su na Nwonyo, ya sani: ba a kama babban kifi da hayaniya. Sai aka yi amfani da kyamara marar inji mai suna Medusa, da jar fitila wadda yawancin halittun zurfi ba sa gani. Aka kuma maƙala mata ƙananan fitilu shuɗɗa masu kwaikwayon walƙiyar da wata halitta mai laushi kan yi in an kai mata hari. Sikwid in ta hango wannan haske sai ta zaci akwai maharin da za ta cinye, ta taho da kanta. Gidan talabijin na NHK ya nuna hotunan wannan tafiya a Janairu 2013. A Yuni 2019 dabarar ta sāke ci a tekun Meksiko, zurfin mita 759.

Har ila yau akwai 'yar'uwarta da ta fi ta nauyi, wadda masunta na Niyu Zilan suka jawo guda mai kilo 495 a 2007. An san da ita tun 1925, amma sai ran 9 ga Maris 2025 na'urar nutso ta Cibiyar Schmidt ta ɗauki hotonta a mazauninta, can kudancin tekun Atlantika, zurfin mita 600. Ita ma ƙarama ce, santimita 30 kacal.

Wannan Atlantika shi ne dai ruwan da ke shigo da jirage Apapa. Duk ɗan Arewa da ya tsaya bakinsa ya tuna cewa ikon Allah da ke ƙasa ya fi wanda ke bisa ɓoyuwa, mai haƙuri kuwa shi ake nuna wa.