Hima da Kiwon Itatuwa: Darasi daga Iyakar Jibiya da Maraɗi

Manomin Gangara a Ƙaramar Hukumar Jibiya da takwaransa na Madarumfa a Jihar Maraɗi damina ɗaya suke jira, gero ɗaya suke shukawa. Abin da ya bambanta su shi ne tsarin da hukumominsu suka bi wajen kula da itatuwa.

A Nijar, dokar Faransa ta 1935 ta ɗora ikon dazuzzuka a hannun hukuma. Manomi yana iya cin tara idan ya sassabe reshen itacen da ke gonarsa, saboda haka ya gwammace ya tuge tsiron tun yana ƙarami. Daga 1983 Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara barin kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Da manoma suka tabbata amfanin itacen nasu ne, sai suka tsare shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo, galibi a Maraɗi da Damagaram. Gawo ne ya fi yawa a gonaki da dama, domin yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

A ɓangaren Katsina, Dajin Rugu gandun gwamnati ne. Da tsaro ya yi rauni, masu gawayi da masu itacen girki suka afka masa, daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga.

Fiƙihu ya san keɓe ƙasa da sunan hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza, amma ya umarci mai tsaronta da ya bar masu ƙananan garke su shiga. Malamai sun shardanta cewa hima ta kasance don maslahar jama'a, kada ta ƙuntata musu.

Da wannan ma'auni ake iya gwada kowane shiri, har da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. Yawan dashen da aka ƙirga ranar biki ba ya isa hujja. Abin dubawa shi ne nawa suka tsallake rani uku, wa ke cin moriyarsu, kuma wa zai tsare su idan ma'aikacin gandu ya tafi.