Ƙugiya mai hannu: ginin mangaza ne ke zaɓar irin da ta dace

A mangazu da ƙananan masana'antu, ɗaga injin mota ko gangar mai da ƙarfin mutum na jawo ciwon baya da karaya. Na'urar da ke rage wannan wahala ita ce ƙugiya mai hannu, wadda ake kira potence da Faransanci. Ƙarfe ne miƙaƙƙe a kwance kamar hannu, mai juyawa a jikin ginshiƙi ko bango, da injin sarƙa da ke tafiya gaba da baya a kansa.

Wadda aka fi sani ita ce mai tsayuwa da kanta. Ana kafa ginshiƙinta a kan tushen kankare mai zurfi, hannun kuma yana zagayawa digiri 360. Tana iya ɗaga tan da dama, amma tushen na cin siminti da rodi, kuma da zarar an zuba shi, sauya mata wuri sai an sake kashe kuɗi.

Ta jikin bango ta fi araha, ba ta cin fili a ƙasa, juyawarta kuwa kusan digiri 180 ce. A nan ne masu mangaza suka fi yin kuskure. Nauyin kaya ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba. Yana fizgar maƙalar sama daga bango, yana kuma tura ta ƙasa ciki, kuma ƙarfin fizgar na ƙaruwa da nisan kayan daga bango. Kilo 500 a nisan mita 4 na wahalar da bango daidai da tan 2 a nisan mita 1. Bangon bulo mai rami, irin wanda ake gina yawancin mangazu da shi, ba zai jure haka ba. Wurinta ginshiƙin ƙarfe ne ko na kankare mai rodi, shi ma sai injiniya ya duba, ba mai walda kaɗai ba.

Akwai kuma mai ginshiƙin da ake riƙewa a ƙasa da sama, a jikin ƙarafan rufi. Ba ta buƙatar babban tushe, amma tana ɗora wa rufin aiki. Mai gwiwar hannu, wato hannu biyu a haɗe, ta kaya marasa nauyi ce, tana lanƙwasa ta kai inda miƙaƙƙen hannu ba ya kaiwa.

Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, injin sarƙa na ja da hannu ya fi amfani, ko da yake yana da jinkiri. Kafin a fara aiki da kowace iri, ana gwada ta da nauyin da ya zarce iyakarta da kashi 25 cikin 100, a kuma rubuta iyakar ɓaro-ɓaro a jikin hannun. Jan kaya a karkace, ko tsayawa ƙarƙashin kayan da ke rataye, haramun ne ga ma'aikaci.